Madawa, Garin Masu Kyauta

Duk mai son ganin karamci ya zo Madawa. Zuwa ba wuya: ka hau mota a Yamai, ka bi kwalta ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar kilomita wajen 500. Da ka wuce Galmi warin albasa zai yi maka maraba. Daga Maraɗi kuwa yamma za ka nufa. Mutanen Buza da Keita su gangaro daga arewa.

Garin na bakin gulbin Tarka, gulbi mai kunya, wanda ba ya nuna fuska sai da damina. Sauran watanni yana ƙarƙashin yashi, sai mai garka ya haƙa rijiya, ya ci bashin man injin ban ruwa, kafin su gaisa.

Tarihi ma ya yi wa wannan ƙasa ta Gobir Tudu gata. Yarjejeniyar 1898 ta bar ta a rabon Ingila, sai Faransa ta nace a 1904 aka ja iyaka kudu, don ta sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Hanyar wucewa aka nema, kuma har gobe ba a saɓa alkawari ba: komai wucewa yake yi.

Dubi albasa. Wata huɗu manomi na tsugune cikin fangali, ƙafarsa ta tsage da sanyin hunturu. A watan Maris da Afrilu kowa ya cire tasa lokaci guda, kasuwa ta faɗi warwas, sai ga bayin Allah 'yan sari sun zo taimako. Buhu ya cika maƙil, a ɗora masa hula, a ɗinke, kuɗin dai na buhu ɗaya. Madalla da wannan adalci! Manyan motoci su ɗauka sai Akara da Abijan. Wanda ya yi taurin kai ya zuba tasa a rudu, zafi da laima su raba da shi, ya buɗe ya tarar da ruɓa tana tsiyaya.

Jinjina ga manyanmu da suka hutar da talaka wahalar lissafin riba. Da sun wadata kwarin nan da rumbunan ajiya na zamani, da matasan Tarka sun rasa dalilin tafiya cin rani. Ga su can a tasha da jakunkuna, suna jiran motar Ƙonni.