Zuwa Ga Bazazzagi Mai Shirin Shigar Da Kare Turaka

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Ina fatan ganuwarku tana nan, wato ɗan abin da damina da masu ɗibar ƙasar gini suka rage muku.

Labari ya iso Kano cewa karen nan da ƙaninka ya bar maka da aka ɗauke shi aiki daga Samaru, wanda ka ɗaure a lambunka na bayan Ƙofar Gayan, yanzu ka ƙudura sai ya dawo cikin birni, cikin gidan gado, wai don ɓarayi sun yi maka gaba da raguna. Na tambayi mai labarin wane irin kare ne, ya ce wanda fuskarsa ta yi kamar ya yi karo da bango a guje. Na ce boksa ke nan, kuma Allah ya haɗa shi da ubangidan da ya dace da shi.

Bari in karantar da kai, tunda duk makarantun da aka jibge muku, daga Barewa har jami'ar da aka buɗe a 1962, ba su hana ku zuwa Kano neman bayani ba. Wannan kare Bajamushe ne. A birnin Munik aka fitar da irinsa a ƙarshen ƙarni na 19, aka haɗa wani tsohon karen farautar aladen daji da buldog na Ingila, har aka nuna shi a bajekolin karnuka a 1895. Sojojin Jamus sun aike shi da saƙo a Yaƙin Duniya na Farko. Namiji in ya cika yakan kai kilo 30, amma hankalinsa ba ya cika da wuri, sai ya kusa shekara uku yana wauta. Ku Zage-zagi ba za ku ga aibin wannan ba, tunda naku yakan kai arba'in.

Matsalarsa a hancin take. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi kuwa mai dakakken hanci iskar ba ta wuce masa yadda ya kamata. Ranar Maris da Afrilu ta Zariya tana iya kashe shi a turke kafin La'asar. Gashinsa kuma gajere ne, ba ya tare masa hunturun Disamba. Saboda haka barinsa ɗaure a lambu, ba inuwa ba mai duba ruwansa, zalunci ne, kuma za a tambaye ka. A nan kaɗai na yarda da kai, kada ka saba.

Inda muka rabu shi ne da aka ce kana cewa, "Ai Hajiya ya yarda, ko a turaka sai ya kwana." Kai da kake zaune tsakanin malaman Kona da na Unguwar Juma, garin da ake tahowa daga nesa don karatun nahawu da fiƙihu, ashe kai ƙosai kawai kake saye a bakin makarantun? A mazhabar Malik kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kurum. Shafi'awa ne suka ɗauke shi najasa mai nauyi. Amma tsarkin jikinsa bai ba shi ɗaki ba. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare yana nan, haka wanda ya ce ladan mai ajiye shi yana raguwa kullum in ba don farauta ko kiwo ko gona ba. Risalar da ake biya wa yaranku ita ma a kan haka ta tsaya. Sai dai masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoron maƙiya sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa Malik ya ƙi wannan, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu zaki zai ajiye. Daga nan malamai da yawa suka sa gadi cikin uzurori. Na san halinka, kana gama karanta wannan za ka ɗauki diga ka rushe katangarka don ka samu hujja. To ka lura, gadi Shehin ya ba karensa, bai shimfiɗa masa katifa ba.

Abin da ya ba ni dariya, kana ta tambayar yaran zamani yadda Turawa suke iyakance wa kare wuri a gida, alhali kakanninka sun gama wannan aiki da tubali tun kafin Babban Gwani ya ɗaga bakan masallacin Juma'arku a zamanin Sarki Abdulkarimu. Gidan birni ai iyaka ne a kan iyaka. Baƙo namiji, ko rawaninsa ya kai na alkali, a zaure yake tsayawa. Aminin gida yakan wuce farfajiya ya kai shigifa. Daga shigifa zuwa tsakar gida sai muharrami da yara. Ni da nake ubangidanka ban taɓa wuce shigifarka ba, sai wani Bajamushe mai dalalar da yawu ne zai wuce?

Wurinsa farfajiyar nan ce da ke tsakanin zaure da shigifa. Ka kafa masa rumfa a gefen da rana ba ta dukansa, da kwanon ruwa nasa shi kaɗai wanda ba ya bushewa, da buhu ko tsohon bargo saboda sanyi. Zaure ba nasa ba ne, can kake shimfiɗa buzu, can baƙi suke zama. Ka sa ƙyaure mai sakata a bakin shigifa, domin labulen asabari ba ya tare kilo 30. Daga nan yana jin motsin turken raguna, yana jin mai taɓa ƙofa, aikin da ka kawo shi ya yi ke nan.

Kwanakin farko da igiya a wuya za ka riƙa zagayawa da shi. Ya doshi shigifa, ka tsaya cak, ka faɗi kalma ɗaya, ka juyo da shi. Ya tsaya da kansa, ka ba shi ɗan ƙuli-ƙuli nan take. Karen da ya tashi a lambu duk duniya makewayi ce a wurinsa, don haka a fitar da shi wuri guda bayan Asuba, da bayan ya ci, da kafin a rufe gida, har ya gane. In ka tarar ya ɓata wuri, wanke ka yi shiru. Dukan da ya zo bayan an gama laifi ba ya koya masa komai sai tsoron hannunka, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne gidan ya yi baki ɗaya, kuma a nan nake tausaya wa karen. Kai ka ce kada ya wuce, uwargida ta kore shi da muciya, amarya ta kira shi bakin madafa ta ba shi ƙanzo don ta ɓata wa uwargida rai, yara su ja shi ɗaki su hau bayansa. Dokar da mutum ɗaya ya karya sau ɗaya, a wurin kare ta karye. Yaushe rabon da ka kafa doka a gidan nan ta kwana biyu? Ta kashe talabijin ƙarfe goma ma a gabana aka yi mata jana'iza. Ka tara su duka, har Goggo, a yarda da kalma ɗaya da iyaka ɗaya, in kuwa ba za ka iya ba ka roƙi Hajiya ta kafa dokar, tunda dama ita ce mai gidan.

Goggon ma ita nake ji. Boksa da tsalle yake gaisuwa, ƙafafun gaba a ƙirjin mutum, tsohuwa kuwa faɗuwa ɗaya ta ishe ta. A koya masa sai ya zauna ake kula shi, wanda ya daka wa tsalle ya juya masa baya. Takalman bakin zaure a ɗaga su sama, domin zancen kare da shinshina takalmi a gidanka ya tashi daga karin magana. A rufe randa da rijiya, a rataye buta. Albasa tana lalata masa jini, ƙashin kaza dafaffe yana tsaga masa hanji, goro kuma guba ne gare shi, sai ka daina tofar da tuƙarka ko'ina. Kuma kare ne mai son gudu. In ba ka fita da shi bayan ganuwa da sanyin safiya ya gaji ba, tabarmarka da akurkin kaji za su biya.

Lungunanku ƙunci gare su, gida manne da gida. Almajiri zai leƙo zaure, yarinya za ta shigo da talla, yaro zai shigo da sallamar wani. Muddin ƙofa a buɗe take, kare a ɗaure yake, sai an sa sakata da dare a sake shi. Ka sanar da maƙwabta da mai unguwa tun bai yi haushin farko ba. Kafin ma ya taka birni ka kai shi asibitin dabbobi na jami'a a Samaru a yi masa allurar ciwon hauka, a ba ka kati, a riƙa sabuntawa duk shekara, a raba shi da kaska da tsutsar ciki. Wannan ba wasa nake ba: ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Ko ƙarzane ya yi wa yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a wuce asibiti, ga na Gambo Sawaba nan kusa da ku, ga Shika. Tofi da rubutu a yi su a hanya.

Saura suna. An ce yaran unguwa sun fara kiransa Ɗankano kai kuma kana murmushi. Ka hana su tun muna shaida juna, in ba haka ba akwai wani jaki mai taurin kai a Ɗorayi da yake jiran suna. Kuɗin sharata na cika-cikin bara ma har yau ban gani ba. Ka haɗa da na bana ka ba direba a Kwangila, kuma ka biya kuɗin motar.