Tazarcen Ɗan Fulani

Bawana ɗan Fulani, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka zo ka durƙusa. Labari ya iso mini cewa tun da aka damƙa maka alli kana koyar da Ingilishi a Tanut, babu kalmar da ta kama bakinka irin "continue". Yaro ya yi tuntuɓe a karatu, "continue". Mai shayi zai ɗauke buta daga kofinka, "continue". An ce har saniyar da ta faɗa gonar mutane wajen Gangara, sanda ka rataya a kafaɗa ka ce mata hakan. Mu Barebarin Damargu mun daɗe da sanin halinku, ba mu dai zaci za ka samo masa suna a ƙamus ba.

To zauna ubangidanka ya koya maka abin da kake koyarwa. Kalmar nan fuska biyu gare ta. Akwai tafiyar da ba a tsaya ba sam: mota ta taso daga Damagaram, ta wuce tashar Tanut ko birki ba ta taɓa ba, ta nufi Agadas. Akwai kuma wadda aka tsaya, aka yi salla, aka sha ruwa, sannan aka ɗora daga inda aka yanke. Bature ya cusa su a buhu guda, ya bar mai sauraro ya rarrabe. Alƙalan Amurka sun ƙara ta uku, domin a kotunsu in aka yi wa shari'a "continue", ɗage ta aka yi zuwa wata rana. Wannan ce taka, kuma da ita kake biyan kuɗin da na ranta maka tun kaka.

Na ji kana gaya wa yara wai "go on" da "carry on" duk kanwar ja ce da ita. Haba mushe! Ta farko in aikatau mai "-ing" ya biyo ta, aikin da ake kai ne ba a saki ba. In "to" ce ta biyo, an gama wancan an shiga wani. Ta biyun kuwa, a bakin mutanen Ingila, har tada jijiyar wuya tana nufi, har da shashanci da matar da ba taka ba. Ka yi hattara ranar da sufeto zai zo da iyalinsa.

Hausar da kake ara a kasuwa ta fi ka tsari. Akwai ci gaba, akwai ɗorewa, akwai dinga da riƙa, akwai "yi ta" ta mai naci. Ci gaban mai haƙan rijiya kuwa ba sai an fassara wa mutumin Damargu ba, inda ake ɗaura igiya a raƙumi ya yi nisa kafin guga ta leƙo. Amma wadda ta fi dacewa da kai ita ce zarcewa, wato a iso inda ya kamata a tsaya a ƙi.

Kuma ba nesa aka yi abin ba, a ƙasarmu ta Tanut ne. A Oktoban 2008 Shugaba Tandja Mamadu ya zo wajen Bakin Birji, cikin gundumar Olelewa, ya aza tubalin matatar mai ta SORAZ, magoya baya suka ɗauki kiran tazarce, wai a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya soma. A 2009 ya rushe majalisar dokoki, ya rushe kotun tsarin mulki, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, aka ƙara masa shekara 3. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kawo ƙarshen zancen. Matatar ita ta ci gaba abinta, aka buɗe ta a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, wani shugaban ne ya yanke ƙyalle. Maƙwabtanmu sun riga mu sanin kalmar tun 1998, lokacin da jam'iyyu 5 na Najeriya duka suka tsayar da Janar Abacha shi kaɗai, ajali ya riga zaɓe.

Na kawo maka wannan ne saboda asusun fadarmu. Wa'adinka na ma'aji ya cika tun kafin damina, kullum aka taɓo maganar sai ka ce akwai aikin da ba ka kammala ba. Wane aiki? Tabarma biyu da gawayi? Ranar kasuwa ka zo da littafin lissafi, da kuɗina, da ƙwaryar nono wanda ba a tsinka da ruwan rijiya ba. In ka ƙi, mun riga mun yi magana da mai shayi, ya yarda shi ne Salu Jibo.