Mutanen da Muke Kai wa Kula

A Jamus, kamfanin HelloFresh da aka kafa a Berlin a 2011 ɗanyen cefane yake aika wa mutane a kwali, haɗe da takardar yadda za su dafa. A Kano wannan ba zai karɓu ba. Matar da ta taso daga ofis ƙarfe biyar, ta sha cunkoson Titin Zariya, ba albasa take so a aiko mata ta yanka ba. Shi ya sa ƙanwata ta bi hanyar da ta dace da mu: a biya kuɗin wata, ta tsara jadawalin abinci mai gina jiki, ta dafa, ɗan aike ya kai kula har ƙofar gida. Ni ke riƙe littafi da amsa waya, don haka na ga halaye.

Uwar tafiya ita ce Hajiya Rage-Ƙiba. Ɗaya ga wata take bayyana, da niyya mai zafi kamar ta daren farko na tarawihi. "Ƙanwata, likita ya ce in bar mai, in bar sukari, in bar farar shinkafa. Ki sa ni a tsari mafi tsanani." Sai a tsara mata: faten acca da safe, kwaɗon zogale da rana, gasasshen kifi da dare. Litinin ta turo hoton kwanon da ta suɗe, da doguwar addu'a. Talata ta tambaya ko cokali ɗaya na manja zai ɓata tsarin. Laraba ta gano cewa ai dankali ma daga gona yake fitowa, a ɗan soya mata. Alhamis akwai kamu, Juma'a ɗaurin aure, Asabar yini, kuma ƙin cin abincin biki raini ne, ita kuwa ba ta raina mutane. Ɗan aikenmu ya sha cin karo da yaron mai balangu a ƙofar gidanta, har sun saba, suna tambayar juna iyali. Ƙarshen wata ta hau sikeli, ta kira da muryar jaje: "Ni fa accar nan ba ta karɓe ni ba. Anya ta Filato ce?" Ta Filato ce, Hajiya. Ba ma jin haushinta ko kaɗan. Tana biya a kan kari, kuma wata mai kamawa za ta dawo da sabuwar niyya.

Sai Malam Likitan Waya, mai turo saƙon murya kowace safiya. Jiya dunƙulen ɗanɗano guba ne, yau laifin tumatir ne. Ƙanwata ta karanta masa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kayan lambu da 'ya'yan itace aƙalla giram 400. Ya amince. Aka rage masa gishiri, ya ce miya ta yi lami.

Ina son Amarya Mai Juye. Umarninta ɗaya ne: ɗan aike ya zo kafin la'asar, ya tsaya bayan layi, kada ya danna oda. Ta juye miyar a tukunyarta, ta ɗan soya albasa don gida ya ɗauki ƙamshi. Angon yana can majalisa yana yabon hannunta. Mu dai mun ja bakinmu.

Akwai maigidan da kullum sai ya ce tuwon bai kai na Hajiyarsa ba, amma ko loma ba ya ragewa. Akwai uwar mijin da ke buɗe kula ta yi tsaki, ta ba da tarihin turmi da murhu, sannan ta tambaya ko akwai ƙarin ɗanwaken. Akwai gidan da suka biya na mutum huɗu alhali su tara ne, ban da baƙi daga ƙauye. Akwai kuma wani yaya da ke shiga kicin "duba lissafi" daidai lokacin da ake sauke farfesu. Sunansa ba ya cikin masu biya, kuma tunda littafin yana hannunsa, ba zai shiga ba.

Duk waɗannan a sha dariya a wuce. Wanda ke ɓata mini rai da gaske shi ne Alhaji Za-Ki-Ji-Alat. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, komai ya tashi: gas, kuɗin mota, kwandon tattasai. Da asuba ƙanwata take tafiya kasuwar Yankaba ta yi cefane kuɗi hannu, a kasuwar Dawanau ma babu mai ba ta buhun wake bashi. Shi kuwa ya ci wata guda cur, na biyu ya kama, in an kira ya ce matsalar banki ce, in an matsa ya ce "don wannan ɗan canjin?" Daren nan za ka ga hotonsa jingine da sabuwar mota. In ɗan canji ne, me ya hana a biya? Wannan kuɗin gumin ƙanwata ne, da albashin yara biyu masu taya ta wanke-wanke da ladan ɗan aike, kuma cin haƙƙin mai ƙaramar sana'a ba wayo ba ne.

Alhaji, in kana karanta wannan, mun cire ka daga jadawali tun ranar Asabar. Bashin yana nan a rubuce. Kulolinmu kuma a taimaka a dawo da su, a wanke.