Gingimarin Kawu da Kayan Amarya

Duk wanda ya taso a bakin titin Kano zuwa Maiduguri ya san Mercedes 911, gingimarin nan mai gajeren hanci da bodin katako, wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Enugu. Kawu yana da guda. Ta girme ni, ta girmi direbanta, kuma a gidanmu ba a kushe ta a gaban Kawu, gara ka zagi ɗansa na fari. Da bikin ƙanwata ya zo, aka tashi kai kayan ɗaki Azare, sai ya rantse ba mai ɗaukar shatar mota yana raye. Har ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya cika tanki fal, a lokacin da litar gas ta haura naira 1,000. Direba ya ce tun da yake tuƙa ta bai taɓa ganin mai a wuyan tankinta ba sai ranar.

Ni aka wakilta in raka kaya, wai don ni malamin makaranta ne, na iya lissafi. Aka haɗa ni da Gwaggo, shugabar 'yan jere, wadda ta ce ba za ta bar kwanukan amarya a hannun maza ba. Na saɓa farar shaddata, don daga mota sai gaisuwar surukai.

Mun wuce Mariri lafiya lau. Muna dab da gadar Wudil sai mota ta fara fizga. Direba ya danna totur, ta yi kamar ba da ita ake ba, gurnaninta ya koma nishi, ta gangara gefen titi ta mutu. Yaron mota ya diro da weji. Direba ya zagaya, ya kwance bakin tanki, ya zura sanda, ya zaro ta jiƙe sharkaf. "Mai dai akwai," in ji shi, ya mayar ya ɗaure tamau. Ku riƙe sandar nan a ranku.

Mota in ta mutu a ƙasar Hausa ba ta rasa likitoci. Kafin a ɗaga bonet an kewaye mu. Wani ɗan acaɓa ya ce a duba fulogi. Direba ya kalle shi sama da ƙasa. "Wane fulogi? Wannan gas take sha, ba abin ga naka ba ce." Nan na ga dama ta samu, na gyara murya na yi wa jama'a bayani: injin gas ba shi da fulogi, ba shi da kafireto, iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da nozul na fesa mai zai kama da kansa. Na shiga tarihin Rudolf Diesel, Bajamushen da injinsa ya fara aiki sosai a 1897. Gwaggo ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, in Bajamushen yana kusa a kirawo shi. In ba ya kusa, ka yi mana shiru."

Direba ya sa yaronsa ya yi ki, shi kuma ya tsaya yana kallon salansa. A nan na fara ganin girmansa. Ya ce hayaƙi ba ya ƙarya: in baƙi ne, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, in fari ne, mai na zuwa amma ba ya ƙonewa, in kuwa inji na juyawa babu hayaƙi ko ƙyas, to mai bai iso ba. Tamu ko ƙyas. "Ta sha iska," ya ce. "Malam, zo ka riƙe mana famfo."

Hanyar da mai ke bi a motar nan ba ta da wani tsawo. Daga tanki ya biyo bututu zuwa wani ƙaramin famfo da ke manne a jikin injekta, ya ratsa filta biyu, ya shiga injekta, ita kuma ta raba shi ta siraran bututu shida, kowane nozul da nasa. Nozul ba ya buɗewa sai mai ya banke shi da ƙarfi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa matsuwa take yi, don haka in kumfa ta shiga layi, injekta ta yi ta turi, kumfa ta yi ta lotsawa tana dawowa, nozul na zaune abinsa. Maganin shi ne a fitar da iskar da hannu. Akwai ɗan murfi a kan ƙaramin famfon, ka murɗa shi ya saki, ka yi ta ja kana dannawa. Direba ya sassauta notin kan filta, ni ina famfo, kumfa na tsartuwa tana zubo mini a hannun riga. Sai da kafaɗata ta sage sannan mai ya fito garau. Ya ɗaure, ya koma notin jikin injekta, aka sake sabon lale. Aka yi ki, ta tashi. Jama'a suka yi kabbara, ɗan acaɓa ya ce dama shi ma abin da yake nufi ke nan.

Ba mu kai Kwanar Huguma ba ta sake mutuwa. Direba ya zura sanda, mai na nan. Wannan karon ya kwance ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin ƙaramin famfo, sai ga ruwa kwance a ƙasa da garin tsatsa, mai na yawo a sama, don gas ya fi ruwa rashin nauyi. Ya tsine wa gidan man da muka sha. Gwaggo ta karɓi kofin ta ɗaga a rana ta jinjina kai. Ango yana da uwargida, kuma a wurin Gwaggo magana ta ƙare. "Ruwa a cikin mai? Ai ba da ƙafa ya zo ba." Ta tofa addu'a a kofin, wato ta ƙara masa ruwa, direba ya wanke ya mayar. Ni kuma famfo. Ta tashi.

Mutuwa ta gaba an ɗora wa filta laifi. Aka tura yaron mota a acaɓa ya sayo sababbi da kuɗin da Kawu ya ba ni na ko-ta-kwana, aka wurga tsofaffin cikin wata gonar dawa. Ta gaba kuma aka ce bututun tanki ne ya toshe, sai an zuƙa. Direba ya ce yana da olsa. Yaron mota ya ce yana azumin nafila, ga kuwa man ƙosai a leɓensa. Na sa baki na ja, shiru. Na ja da ƙarfi, shiru. Direba ya zagaya don ya tabbatar akwai mai, ya kwance bakin tanki daidai lokacin da na tattara duk numfashina na ja. Jama'a, ba na yi wa ko maƙiyina fatan abin da ya cika mini baki. Gwaggo ta miƙo mini goro, ta ce ai an ce yana kashe tsutsar ciki.

A Shuwarin muka sami bakanike. Bai ko sunkuya ba, daga nesa ya saurara ya ce injekta ce, sai an kwance an kai Kano, in ba ta gyaru ba a nemi wata a Ƙofar Ruwa. Na lura kanikawa na son injekta, don ita ce mafi tsada a layin. Na kira Kawu na gaya masa kuɗin da aka yanka. Salatin da ya yi ko ba waya za a ji shi. Direba ya ce ba mai taɓa masa injekta sai an gwada jarka. Dabarar ita ce a raba mota da tankinta: a ɗora jarkar mai a kan rufi, a jawo tiyo zuwa ƙaramin famfo. In ta tafi lafiya, injekta ta kuɓuta, laifi na can wajen tanki. Saura mai riƙe jarka. Direba na tuƙi, yaron mota na weji, Gwaggo kuwa ko kallonta ba a yi ba.

Haka na bar Shuwarin a kan rufin gingimari, na rungume jarka mai lita 25, ƙafafuna a saƙale da ƙarfen gadon amarya, iska ta tafi da hulata. Mota kuwa ta tuna ƙuruciya, tana ta zuba gudu. Sai na ga mai na sauka a jarka kamar ana tsiyaye shi. Ashe famfo na ɗibar fiye da abin da inji ke sha, ragowar ta koma ta wani bututu, kuma bututun nan tanki ya sani, ba ruwansa da jarkata. Na yi ta dukan rufi ina ihu. Direba ya zaci murna nake, ya ƙara wuta yana mini oda. Kafin Kiyawa jarka ta ƙafe.

Gwaggo ta sauko da butarta, ta tsuguna a inuwar mota ta gefen tanki za ta yi alwala. Can sai muka ji ta ce, "Malam direba, wannan abin da kuka ɗaura, ɗazu a lotse yake, yanzu ya kumbura." Muka zagayo. Tanki ba murfi. Ɓarayin mai sun yi gaba da shi a gareji, yaron mota ya yanko tiyub ɗin taya ya rufe bakin, ya naɗe da roba, naɗin da ko tururuwa ba za ta shaƙi iska ta nan ba.

"Ku duk ba ku taɓa shan shayi ba?" in ji Gwaggo. "Gwangwanin madara huda biyu ake masa. In ka yi ɗaya, sai dai ka yi ta girgiza."

Murfin asali yana da 'yar ƙofar shan iska. Da aka toshe, ga tanki cike, mai na raguwa ba iskar da za ta maye gurbinsa, sai tanki ya riƙe abinsa, tsohon famfo ya ja ya gaji, ya koma zuƙo iska ta tsofaffin wosha. Duk sanda direba ya kwance don zura sanda, tanki ya sha iska ya saki, mu kuma mu yaba wa gyaran da muka yi. Gwaggo ta zaro basilla daga jakarta ta soka. Abin ya yi tsartuwa, kuma ba sai na faɗi wanda ke tsaye a saitin ba. Direba ya ce dama tun Wudil zuciyarsa ke raya masa haka. Gwaggo ta ce uwargida ce ta turo ɓarayin.

Mun shiga Azare bayan isha'i. Matan da ke tuyar waina suka shinshina, suka roƙe ni don Allah in matsa nesa da murhu, aka kai mini tabarma can bakin zaure ni kaɗai. Ina zaune Kawu ya kira. Bai tambayi kayan amarya ba, bai tambayi shaddata ba. Ya ce tunda dai ya tabbata filtocinsa lafiyarsu ƙalau, in za mu dawo gobe mu tsaya a gonar dawar nan in nemo masa su.