An Soke Ta, Amma Ga Motoci Na Bi

Na san halinku. Da na ce gwamnati ta soke hanya, wani daga bayan majalisa zai gyara zama ya ce, "Haba Malam, yaya za a soke hanya alhali ga kwalta nan kwance?" To Alhaji, riƙe gardamarka da kyau, za ta yi maka amfani a gaba. Yanzu dai shigo mota mu leƙa unguwannin bayan garin Shikago a Amurka, mu bi sawun hanya mai lamba 66.

A Nuwamban 1926 aka ba ta wannan lamba, daga Shikago har Kalifoniya, tafiyar kusan kilomita 4,000. Mu ba za mu wuce bayan gari ba, kada wani ya fara kukan kuɗin mai.

Tana fitowa daga tsakiyar birni sai ta karya ta hau titin Ogden, mai sunan magajin garin Shikago na farko. Titin ya girme ta nesa ba kusa ba. A 1848 katako aka shimfiɗa masa saboda laka, kuma sai ka biya a shinge kafin keken dokinka ya wuce. Na ji mai dariya a can. E, katako na ce, ban janye ba. Sai Cicero, inda gawurtaccen ɗan daba Al Capone ya kafa sansani a shekarun 1920; mai son gaisuwa ya sauka, mu mun yi gaba. Sai Berwyn, sai Lyons, sai a hau titin Joliet a nufi kudu maso yamma.

A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manya-manyan tagwayen tituna, nan aka samu mai lamba 55 da ta kwashe matafiya. Jihar Illinois ta sauke allunan 66 a 1977, a 1985 kuma aka goge lambar daga rajistar ƙasa baki ɗaya.

"Ka ji ko! Ashe allo kawai aka cire."

Gaskiyarki, Hajiya, titin Ogden har gobe cunkoso ake yi a kansa. Amma ki tambayi masu gidan soyayyar kaza na Dell Rhea's a Willowbrook. Da sabuwar hanya ta ratsa a farkon shekarun 1960, ciniki ya kusa durƙushewa, ga motoci na wucewa da gudu amma babu mai tsayawa. Gidan ya sha da ƙyar, yana nan yana suya, sai dai yanzu sai ka yi niyya ka sauka ka neme shi a wani lungu.

Yanzu Alhaji, fito da gardamarka, mun iso McCook. A nan masu fasa dutse suka yi ta haƙa hagu da dama na titin Joliet shekara da shekaru, har titi ya zama kamar kunya tsakanin kwari biyu, sai dai kwarin nan in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Kwalta ta fara tsagewa tana gocewa. A 1998 hukuma ta rufe kusan mil guda. Jiha ta maka kamfanin fasa dutsen a kotu, aka ja zare har 2010, sannan aka sasanta kan dala miliyan 40, kamfani kuma bai ce ya yi laifi ba. Kuɗi sun shiga asusu, titi bai buɗe ba. Direbobi zagaye suke yi ta wani titi na 55 na cikin unguwa, ba tagwayen hanyar nan mai lamba 55 ba, ciyawa kuwa ta samu gidan haya kyauta.

Ka ce labarin bogi ne na intanet? Madalla. Nemi biza, ka hau jirgi, ka ɗauki hayar mota, ka nufi inda aka rufe titin da kanka. Kuɗin tikiti dai daga aljihunka, kuma in ka dawo kada ka manta da tsarabar kaza.