Allah Ya Ja Zamanin Babban Maƙogwaro

A cikin duk ƙarafan da ɗan Adam ya ƙera ya ɗaura wa injin mota, babu wanda ya cancanci a buga masa tambari a busa masa kakaki kamar babban maƙogwaron totur. Mai faɗin baki, farin ƙarfe ɗan gidan azurfa, ango a cikin kwali, sarkin ƙofar da ba ya tambayar baƙo daga ina yake, mai shiga da noti huɗu ya fita da albashin wata! Allah ya ja zamaninsa, ya ƙara masa milimita.

Ga wanda bai taɓa samun alfarmar ganinsa ba, wani gajeren bututu ne da ke zaune tsakanin filtar iska da manifol, a cikinsa akwai faifan ƙarfe mai juyawa a kan 'yar sanda. Ka taka totur, faifan ya karkace, iska ta wuce. Ka ɗaga ƙafa, ya rufe. Injin fetur kuwa da iska ake jan ragamarsa: kwamfutar mota ta auna abin da ya shiga, ta zuba masa man da ya dace, wajen awo 1 na mai ga awo 14.7 na iska a ma'aunin nauyi. A nan ne masu hangen nesa suka tsinci lu'ulu'un da kowa yake tsallakewa. Tunda iska ita ce ƙarfi, kuma ta ƙofa take shiga, ashe babbar ƙofa ita ce babban ƙarfi. Injiniyoyin Honda da Toyota da Ford sun ƙarar da ƙuruciyarsu a ɗakunan gwaji wannan hikima ba ta faɗo musu ba, sai da Allah ya kawo saurayi mai sabuwar salansa da filta mai siffar mazurari, ya gano ta tsakanin magariba da isha.

Lissafi ma yana bayansa. Ka cire mai milimita 60 ka ɗaura mai 70, faɗin hanyar iska ya ƙaru da kashi 36 cikin 100. Ka kai shi 75, ƙarin ya zama kashi 56. Wane gyara ne a faɗin duniyar nan zai ba ka kashi 56 da sifana ɗaya kafin shayinka ya huce?

Sai dai asalin darajarsa tana cikin gudun duniyarsa. Ɗauki inji mai lita 2, irin wanda ya cika titunanmu. Kowace silinda sau ɗaya take shaƙa a juyi biyu, saboda haka ko an kai shi juyi 6,000 a minti, allura tana leƙen jan layi, ba zai haɗiyi abin da ya wuce kamar lita 100 na iska a daƙiƙa ba. Wannan iskar tana ratsa ƙofar milimita 60 da gudun kusan mita 35 a daƙiƙa, abin da take asara na matsi a wurin kuwa bai fi wajen kashi 1 cikin 100 ba. Wato a injin da ke da ƙarfin doki 150, duk harajin da tsohon maƙogwaro yake karɓa bai wuce doki ɗaya da rabi ba, shi ma sai a ƙololuwar gudu. Sabon ya hau gado cikin girma da arziki, ya yafe wa talakawa wajen rabin wannan haraji. Duƙushi guda bai cika ba. Ina aka taɓa ganin kawaici irin wannan? Yana da faɗin da zai ciyar da injin da ya ninka wannan girma, amma ya tsaya a kan abin da aka roƙe shi, bai ɗora wa fistin nauyin da ba nasa ba, bai tayar wa kuloci hankali ba, bai sa taya ta ci kwalta fiye da jiya ba. Mai iko ne da ya zaɓi kamewa.

Mahassada za su ce ai inji ba ya shaƙar abin da ƙofa ta ba shi, sai abin da fistin ya ja, kuma iskar tana da sauran mashigai a gaba: rassan manifol, ramukan kan silinda, da bawul waɗanda kamshaf ke ɗagawa 'yan milimitoci na ƙiftawar ido. Su ce a injin da aka taɓa sama-sama, mai salansa da filta kawai, a can ciki cunkoson yake. Gaskiya suka faɗa, kuma ita ce ta ƙara masa kwarjini. Attajirin da ya rushe ƙofar gidansa ya gina soron da raƙumi zai shiga da kayansa, ya bar ƙofar ɗaki yadda kakansa ya bar ta, sai an sunkuya, ba wanda ya taɓa ce masa bai iya gini ba. Masu wucewa soro suke gani. Wa ya taɓa buɗe bonet ya nuna wa abokansa bawul?

Ƙasar da wannan sarauta ta fi kafuwa ita ce Amurka, babban gidan sarautar kuwa Ford Mustang mai lamba 5.0, ƙirar 1987 zuwa 1993. Ita kanta lambar akwai karamci a cikinta, don injin cc 4,942 ne, aka cika masa mudu. Ford ta fito da motar da ƙarfin doki 225 da maƙogwaro mai milimita 60. Daga 1989 dukansu suna ɗauke da ma'aunin iska a gaban maƙogwaron, shi kuma faɗinsa milimita 55 ne. Nan maza suka nuna mazantaka. Suka riƙa sayen mai 70 da mai 75 suna ɗaurawa a bayan ma'auni mai 55, a gaban manifol da kan silinda na kamfani, domin iskar da ta sha matsi a baya, kuma wani matsin yana jiran ta a gaba, ta sami wurin miƙe ƙafa na tsawon ɗan yatsa. Ko iska ma baiwar Allah ce, tana da hakkin hutu. Su kuwa injiniyoyin Ford, da suka tashi yin Cobra a 1993, sai da suka canza kan silinda, suka canza manifol, suka canza kamshaf, suka faɗaɗa ma'aunin iska zuwa 70, bayan duk wannan ɗawainiya sannan suka ƙara wa maƙogwaro milimita 5 kacal, ya zama 65. Ko rowa ce, ko ƙarancin zuciya, Allah ya shirye su.

Abin tausayin ya fi yawa a gasar tseren motoci ta duniya da ake yi a daji da duwatsu. Daga 1995 hukumar FIA ta tilasta wa motocin su shaƙi iska ta rami mai milimita 34 a bakin turbo, ramin da faɗin hanyar iskarsa bai kai sulusin na mai milimita 60 ba. Ta wannan ƙofar talauci injinan lita 2 na lokacin suka riƙa fitar da doki wajen 300. A can ramin ne da gaske yake shaƙe wa inji wuya, har ta kai Toyota ta ƙirƙiro dabarar zagaye shi a ɓoye a motarta Celica, aka kama ta a tseren Kataloniya na 1995, aka kore ta daga gasar shekara guda. Dubi wahala. Kamfani guda ya zubar da mutuncinsa saboda 'yan milimitoci, alhali gwarzonmu, saurayin nan mai sabuwar salansa, yana da 70 halaliyarsa, har da rasit, yana fitar da rabin ƙarfinsu cikin kwanciyar hankali, babu alƙalin da ke binsa.

Kada wani ya ce maƙogwaron bai ba da komai ba. Kyautarsa a tafin ƙafa take sauka. Da yake faifan ya fi girma, ɗan karkacewa kaɗan yana buɗe hanyar da a da sai an ƙara nitsa totur kafin a same ta. Mai mota ya ɗan taɓa, mota ta zabura. Bakanike ya goge hannu da tsumma ya ce, "Yallaɓai, ka ji yadda take amsawa? Da can a shaƙe take, yanzu ta sami numfashi." Yallaɓai ya ce, "Wallahi, Oga, kamar ba ita ba." Dawakin da a da suke jira a ƙarshen totur an jawo su farko, sun yi layi a bakin ƙofa, in aka taka har ƙasa aka ƙirga, adadinsu na jiya ne. Akwai mutanen da ba su san darajar kuɗi ba, suna samun wannan sakamakon kyauta ta hanyar ƙara danna ƙafa. Amma ƙafa kowa yana da ita, har mai Keke Napep.

Sauran ni'imomin sai an shiga cunkoson Mararaba zuwa Nyanya ake ganinsu. Motar da a da take bin layi a hankali kamar kowace mota, yanzu ta san matsayinta: a taɓa ta yi tsalle, a saki ta durƙusa, fasinjoji suna kai goshi gaba suna dawowa, suna kwasar gaisuwa ga sarkin da ke ƙarƙashin bonet. Silo ya daina zaman banza, yana hawa yana sauka. In motar mai totur na lantarki ce, kwamfutarta an koya mata yawan iskar da kowace kusurwar tsohon faifai ke shigarwa, sai ta ga baƙon lissafi, ta kunna fitilar inji a gaban direba don murnar naɗin sarauta. A ciki kuma, da yake bakin manifol yana nan a 60 ɗinsa, mai 70 ya bar dakali na milimita 5 a kewaye, iska ta zo a guje ta yi karo da shi ta hargitse kafin ta wuce. Masu son jiki sukan kai manifol a goge bakin ya daidaita. Gwarzonmu ya bar dakalin, don kada iska ta saba shiga fada babu sallama.

Kowane babba da maƙiyinsa. Na wannan sarki wata 'yar na'ura ce mai arha da ake soka wa a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, ramin da dokar Amurka ta wajabta a kan motocin da ake sayarwa a can tun 1996, wanda kusan kowace tokumbo ta zo mana da shi. A motoci da dama tana iya karanta matsin iskar da ke cikin manifol. A taka totur har ƙasa, a bar allura ta hau, a duba: in matsin ciki ya yi kusan daidai da na waje, wanda a bakin teku yake wajen kilofaskal 101, to tsohuwar ƙofa ba ta tare komai ba, babu abin da sabuwa za ta 'yanto. Aikin minti kaɗan ne. Akwai kuma na'urar da ake ɗora mota a kan nadi ta auna dawakinta kafin gyara da bayan gyara. Gwarzonmu bai kusanci ko ɗaya ba, kuma a nan tarbiyyarsa ta fito. Mutumin kirki ba ya sa masoyinsa a sikeli. Kujerar direba ta shaida, kunne ya shaida, abokai uku da ke baya sun shaida. Wace na'ura ce ta fi shaidu biyar?

Akwai dai wasu da suke samun dawakai na gaske daga gare shi, ba za a ɓoye ba: masu sufacaja da ke zuƙar iska ta cikin maƙogwaron, da waɗanda suka faɗaɗa silinda, suka gyare ramukan kai, suka sa kamshaf mai tsayin ɗagawa, inji yana juyi 8,000. Amma dubi yadda suke wulaƙanta shi. Shi ne na ƙarshe a jerin sayayyarsu, sai sun auna sun ga ƙofa ta zama cikas sannan su kira shi, su sa shi aiki kamar ɗan dako. Namu kuwa shi ya fara saya, tun fulogi na neman canji, tun taya ta goge ta yi sumul, ba don wata buƙata ba, ƙauna ce tsantsa.

Kyautar hannunsa ma ba ta tsaya nan ba. Iska tana rage nauyi da kusan kashi 3 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10. Akwatin filtar kamfani daga waje yake jawo iska. Gwarzonmu ya cire shi, ya aika da shi kasuwar Ƙofar Ruwa tare da tsohon maƙogwaro, ya dasa mazurarinsa tsirara a bayan lagireto, inda zai sha hucin inji a kan zafin Afrilu na Kano. Digiri 10 kacal a wurin sun isa su tafi da doki huɗu da rabi daga cikin 150. Ya ba da huɗu da rabi ya karɓi abin da bai kai ɗaya ba, fuskarsa a sake, bai ko waiwaya ba. Irin wannan hannu sai gidan sarauta.

Gadon kuma ba zai mutu ba, don yarima yana tafe. Wani zoben alminiyam ne mai kaurin kamar inci ɗaya da ake sakawa tsakanin maƙogwaro da manifol, an yi masa zare a ciki irin na noti, domin ya murɗa iska ta gauraya da mai. A injin da ke fesa mai can a bakin bawul, ko ɗigon fetur ba ya bi ta wurin, iskar kuma tana da lanƙwasa da rassa a gaba da za su warware murɗin tun ba ta isa ko'ina ba. Amma in an taka yana yin fito mai daɗin ji. An riga an yi odarsa daga Amurka, kuma Oga ya ce ranar da aka haɗa su biyun, sai dai yallaɓai ya fara neman babban birki.