Baba Dattijo, Sassauta Laktayen Nan Kafin Ka Sume

Idin Ista ba ya taɓa fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Ingila lokacin ne sanyi ke janye jiki, itatuwa na toho, mutum ya zura kwat ɗinsa ya ji daɗin duniya. A Sakkwato da Yola da Maiduguri da Maraɗi kuwa tsakiyar bazara ke nan, ma'aunin zafi kan haura digiri 40 tun kafin a tashi daga sujada. Amma a ranar ce za ka hango ɗan'uwa ya doso majami'a cikin baƙar kwat da falmaran, ya shaƙe wuya da laktaye, ga safa ga takalmi sau-ciki. Ya zauna ƙarƙashin rufin kwano, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak, shi kuwa yana ta dahuwa kamar alale a cikin leda, yana fifita da takardar sanarwa.

Baba Dattijo, na ga ka gyara zaman tabarau. Na san tambayarka, don ka sha yi mana ita a taron matasa: in za ka je ganin gwamna, da singileti za ka tafi, balle gaban Sarkin sarakuna? Tambaya ce mai kyau, Baba. To amma in ka isa gidan gwamnatin, me za ka tarar gwamnan ya sa? A Kano ko Kaduna ko Adamawa, kaftani ne ko babbar riga, iska na shiga ta wannan hannu tana fita ta wancan. Kai ne kaɗai za ka tsaya a gabansa kana ɗigar da gumi a kan kafet.

Ita kwat ɗin ma ai tana da garinsu. A shekarar 1666 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya fito wa fadawansa da salon doguwar kwat da falmaran, daga nan aka yi ta rage ta ana gyarawa har ta zama wadda muka sani. Laktaye kuwa daga ƙyallen da sojojin Kuroshiya ke ɗaurawa a wuya ya samo asali, Faransawa suka gani suka ɗauka. Duk kayan ƙasar sanyi ne, kwat ɗin kuwa na ulu, an yi shi ne don ya riƙe ɗumin jiki kada ya tsere. Masu abin, ranar 19 ga Yuli 2022 da zafi ya haura digiri 40 a ƙasarsu karo na farko a tarihi, gargaɗin gaggawa hukuma ta fitar, jiragen ƙasa da yawa suka fasa tashi. Abin da ya rikita Ingila a yini ɗaya, shi ne abincin yau da gobe na mutumin Yola a watan Afrilu, kuma a cikinsa muke gasar wanda ya fi wani kaurin kwat.

Kada ka ce haka Turawan mishan suka koya mana. Tun daga 1893 da su Bingham da Gowans da Kent suka iso da niyyar shiga yankin nan namu da a lokacin ake kira Sudan, waɗanda suka biyo bayansu sun gane rana ba ƙanwar lasa ba ce. Duba tsofaffin hotunansu a bakin aiki, za ka ga kaki da gajeren wando da hular kwano. Hudson Taylor da ya je ƙasar Sin ajiye kayan Turai ya yi, ya sa irin na mutanen gari, 'yan'uwansa Turawa na yi masa dariya. 'Yan'uwanmu Katolika sun daɗe da warware tasu: Fada a ƙasashen zafi farar doguwar riga yake sawa maimakon baƙa. Hatta Japan, ƙasar da ma'aikaci ba ya wasa da kwat, a 2005 gwamnatinta ta ce wa ma'aikata su ajiye kwat da laktaye a lokacin zafi, don a tsayar da na'urar sanyaya ɗaki a digiri 28 a rage shan wuta. Su da ke da na'urar ke nan. Mu da janaretonmu ke jiran a tara kuɗin mai fa?

Yanzu wani daga bencin baya ya ɗaga murya: ai kaftani da babbar riga kayan Musulmi ne. Ɗan'uwa, yaushe auduga ta yi kalmar shahada, yaushe kuma aka yi wa ulu baftisma? Ka je Wusasa a Zariya ranar Lahadi ka ga Hausawa Kirista, jikokin waɗanda suka zauna da ɗan mishan Dokta Miller, cikin riga da hula. Tsohuwar majami'arsu ta St. Bartholomew, wadda aka gina a 1929, ginin ƙasa ne irin na Hausa mai kaurin bango, wanda ke hana zafin rana kutsawa ciki. Su sun rungumi bishara ba su yar da hankalin da kakanni suka bar musu game da rana ba. In ma kamanni ake nema, rigar Yesu da sojoji suka jefa wa ƙuri'a saƙaƙƙiya ce marar ɗinki, kuma suturar mutanen ƙasarsa a wancan zamani, riga sakakkiya da mayafi a kai, ta fi kusa da jallabiyar maƙwabcinka fiye da kwat ɗin da ka tsinto a gwanjo. Su kuma maƙwabtan namu Musulmi da na ji suna ƙyaƙyatawa, ku dakata. Mun gan ku ranar Juma'a cikin gezna mai sheƙi da ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Laifi tudu ne.

To, matasa, na ga kun fara tafi. Kuna cewa shi ke nan, an yi mana fatawa, zafi ake yi, sai a rage kaya. Ku mai da hannuwanku aljihu, in wandon naku ya bar wurin sa hannu. Jiki da gumi yake sanyaya kansa, gumin kuwa ba ya aikin komai sai ya bushe ya tashi da zafin. Kayan da suka ɗame jiki, musamman na roba, ba sa barin iska ta ratsa, gumi sai ya kwanta a fata, ƙurajen zafi su feso, ƙaiƙayi ya hana ka jin wa'azi. Fatar da aka bari a buɗe kuma rana ce ke dukanta kai tsaye. Saboda haka matsattsen wandon jins da rigar da sai an riƙe numfashi kafin a shige ta ba maganin zafi ba ne, ko da yadin bai kai rabin na zanen Mama ba. Ƙanwata, in gayu ne ki ce gayu ne, mu san da abin da muke muhawara, ki daina ɗora wa bazara laifi. Kai ma ƙanena mai buɗe maɓallai uku don a ga sarƙa, da kai nake.

Wa ya fi mu sanin rana? Buzayen Agadas, ko? To su rufe jiki suke yi ruf, daga kai har ƙafa, da yadi mai faɗi, sau da yawa ma mai duhun baba. A 1980 wasu masana sun buga bincike a mujallar Nature kan abin da ya sa Larabawan hamadar Sinai ke sa baƙaƙen riguna. Suka tsayar da mutum a rana cikin baƙar riga sakakkiya, suka sake tsayar da shi cikin fara, suka tarar zafin da ke isa jikinsa kusan ɗaya ne. Baƙar ta fi ɗaukar zafin rana, amma iskar da ke zagayawa tsakanin yadi da fata tana kwashe shi kafin ya kai ga jiki. Baba, kada ka yi murna ka ce an wanke baƙar kwat ɗinka. Sharaɗin shi ne rigar ta zama sakakkiya, taka kuwa an toshe ta a wuya, an ɗaure ta a ƙugu, an yi mata shafi a ciki.

Abin daɗin shi ne, a wannan ƙasa tamu kamun kai da neman sanyi hanya ɗaya suka bi. Yadin auduga ko lilin ko boyel marar nauyi, ɗinki mai yalwa, hannu mai faɗi, takalmin da ƙafa ke shan iska: mai neman ya rufe jiki ya samu, mai neman iska ya samu. Rigimar da muke yi kowace bazara tsakanin masu tara kaya da masu zubar da kaya, tela mai hankali zai iya kashe ta da yadi huɗu.

Mama shugabar Zumuntar Mata, na ji kin ce, gaya musu dai, ɗana. Na gaya musu, Mama, saura ke. Ayar nan da ake yawan karanta wa 'yan mata, ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2 aya 9, mu karanta ta har ƙarshe mana. Da ya yi maganar kunya da kamun kai, abubuwan da ya lissafa su ne ƙawataccen kitso da zinariya da lu'ulu'u da tufafi masu tsada. Matan masu hali na Afisa ne ke mai da taron sujada wurin baje kolin dukiya. Mu kuwa mun kafa masu tsaron ƙofa suna auna tsawon siket da ido, ba mu taɓa kafa mai tambayar kuɗin leshi ba. Yarinya ta zo da rigar da ta ɗan ɗage, an mai da ita gida. Uwargida ta shigo cikin leshi mai duwatsu da kuɗinsa zai biya wa marayu biyu makaranta, da gwaggwaron da ya tare wa benci uku ganin bagadi, an ce sannu da zuwa, ga wuri a gaba. Yaƙub ma a sura 2 ta wasiƙarsa ya yi wa ikilisiya faɗa a kan daidai wannan, ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar talaka a tsaye. Ayar da ta gabaci ta Timoti ɗin kuma, ta 8, da maza take, kan su yi addu'a ba fushi ba jayayya. Wannan kam ba a cika ɗaukar ta a wa'azin sutura ba, ko don masu wa'azin maza ne?

Ban ce a daina ado ba. Ranar da Zumuntar Mata suka jeru cikin zane iri ɗaya, tulu na amsawa, murya na tashi, ko bebe sai ya motsa kafaɗa. Roƙona a kan yadin ne. Sau nawa ake buga ankon taro a kan atamfar roba mai arha, a sayar wa mata da tsada, su yini cikinta a filin taro ba inuwa? In za ku sayo a Kantin Kwari ko a kasuwar garinku, ku zare zare ɗaya daga bakin yadin ku kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci wuta ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda. Roba za ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Gani ya kori ji. Batun ɗankwali kuma, ikilisiyoyi sun bambanta kan yadda suke fahimtar Korintiyawa ta fari sura 11, kowa ya bi ta gidansu. Sai dai ba inda aka ce sai an fara ɗora gashin kanti mai nauyi, sannan a naɗa ƙyalle mai tauri a kansa, a watan da ko tsuntsu ke buɗe baki yana haki.

Masu jiran in yanke hukunci kan mace da wando, ku yi ta jira, ba ni aka zaɓa dattijo ba. Abin da zan tuna muku kawai, Maimaitawar Shari'a sura 22 da kuke ɗauko aya ta 5 daga cikinta, ita ce a aya ta 11 ta hana haɗa ulu da lilin a tufa ɗaya, a aya ta 8 kuma ta ce a yi wa rufin sabon gida katanga. In za a tsaya a ƙofa da surar, a tsaya da ita duka, mu ga mutum nawa za su shiga.

Akwai mutum biyu da ba su da bakin kare kansu a wannan magana. Na farko ɗan kwaya. An ɗora masa doguwar rigar roba a kan kayansa na gida, da wani ƙyalle a kafaɗa, da hula, an ce ya yi waƙa yana rausaya har baiti shida. In ya yanke jiki ya faɗi sai wasu su ce Ruhu ne ya sauko. Kafin a yanke wannan hukunci, a fitar da shi inuwa, a cire masa rigar, a yayyafa masa ruwa a yi masa fifita, in ya farfaɗo a ba shi ya sha. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya da suma alamun zafi ne ya ci ƙarfin jiki, kuma in mutum ya fara sambatu ko bai farfaɗo da wuri ba, asibiti za a nufa da shi. Na biyu jariri. Ranar miƙa shi a majami'a za ka gan shi cikin hular ulu da safa da rigar sanyi, an naɗe shi da tawul, an kuma goya shi. Jikin jariri bai iya fitar da zafi kamar na babba ba. Kukan da yake tsalawa a tsakiyar addu'a, ƙara yake kai ku.

Saura kai, Fasto. Na lura tun ɗazu kana murmushi, kana ganin guguwar ta wuce ta kan dattawa da mata da matasa ta bar ka. Ai kai ne maganin abin. Ranar da ka hau bagadi cikin farin kaftani na auduga, rabin kwat ɗin ikilisiya za su koma akwati sai Disamba, lokacin da hunturu zai ba su aikin yi. 'Yan'uwanmu na Jos da Mambila su ci gaba da abinsu, Allah ya ba su sanyi, ba ma baƙin ciki. In kuwa ka ce kai da kwat mutu-ka-raba, to mun yarda, amma a yi ciniki: daga Maris zuwa saukar ruwan fari, duk Lahadin da ka sa ta, wa'azi minti ashirin ne, kuma "a ƙarshe, 'yan'uwa" sau ɗaya za ka faɗe ta.